Yadda za ka tsara kayen tarihin Mena wanda ba za a ƙaryata ka da shi a fada ba

Duk fadar da ake ɗora butar shayi a Damagaram, daga Birni har Zango, ba ta rasa mutum biyu: mai rantsuwa cewa Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Nijar, ba ta taɓa cin wata babbar ƙasa ba, da mai rantsuwa cewa babu wanda ya taɓa fita daga Yamai da maki. Dukansu da baki suke gardama, kuma mai ƙarfin murya ne ke cinyewa. Ni tela ne, kayen da nake rubuta wasannin Mena yana cikin aljihun teburin keke, kusa da na awon mutane. Ga yadda na tsara shi, in kana so ka yi naka.

Sayi kaye mai ƙarfin bango, irin mai ƙananan gidaje da 'yan lekol ke lissafi a ciki, don layukan su taimake ka wurin ja. Ka haɗa da bik shuɗi, bik ja, fensir da rula. Kada ka jera wasanni shekara bayan shekara kamar labari. Gardama ba ta zuwa da shekara, da sunan ƙasa take zuwa: "Mu da Mali fa?" Saboda haka kowace ƙasa shafinta daban, a jere bisa haruffa. Maƙwabta da na kusa irin su Burkina Faso, Benin, Mali, Togo da Aljeriya ka bar musu shafi uku uku, don da su muka fi haɗuwa. Ƙasashen nesa shafi ɗaya ya ishe su.

A kowane shafi ka ja gida shida: rana, garin da aka buga, irin gasar, sakamako, wanda ya ci ƙwallo, da wani faffaɗan gida na bayani a ƙarshe. A gidan sakamako, ƙwallayen Mena su ne na farko kullum, ko a gida ko a waje. Jaridu suna fara rubuta mai masauki, kai kuwa idan ka bi su, bayan shekara biyu za ka ga 2-0 ka rasa wa ya ci wa.

Kafin ka rubuta layin farko, gyara sunaye. Haute-Volta ta koma Burkina Faso a 1984, Dahomey ta koma Benin a 1975, duk shafi ɗaya ne da sabon sunan. Kwango biyu ce. Kashin da muka sha 0-10 a Abijan cikin Disamba 1961, wanda har yau ba mu sha irinsa ba, na shafin Kwango ta Brazabil ne. Canjaras 0-0 na gasar kofin Afirka, wato CAN, ta 2013 kuwa na shafin Kwango ta Kinshasa ne, wadda aka sani da Zayar har 1997. Gini uku ce, kowace da nata. Sai tarkon da ya fi cin mutane a intanet: a harufan FIFA, NIG mu ne, NGA Najeriya ce. Na sha ganin yaro ya miƙo waya da murna ya ce, "Baba, duba, mun ci Ajantina!" alhali Super Eagles yake kallo.

Gidan da na fi ba muhimmanci shi ne na gari. Sakamako babu gari kamar awon riga ne babu sunan mai ita: lambobin daidai suke, amma ba su gaya maka komai ba. Ɗauki neman gurbin CAN 2012 ka gani. Rukuninmu da Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo. A filin Janar Seyni Kountché na Yamai mun ci Masar 1-0 ranar 10 ga Oktoba 2010, Moussa Maazou ya zura, kuma Masar a lokacin ita ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Mun ci Saliyo 3-1, mun ci Afirka ta Kudu 2-1. A waje fa? 0-2 a Afirka ta Kudu, 0-1 a Firitawun, 0-3 a Alƙahira. Wasa uku a gida, maki tara. Wasa uku a waje, ko ƙwallo ɗaya ba mu jefa ba. Wanda ya tara su a dunƙule zai ce ci uku, faɗuwa uku, ƙungiya ce tsaka-tsaki. Wanda ya rubuta gari zai ga ƙungiya biyu ce cikin riga ɗaya, ta Yamai da ta kan hanya. A ganina wannan shi ne ainihin halin Mena na waccan zamanin, kuma ba ya fitowa sai da wannan gidan.

A gidan bayani na wasan Alƙahira ka ƙara layi ɗaya, don na baya za su tambaya yadda aka yi ƙasa ta sha 3-0 a ranar ƙarshe kuma ta wuce. Mu da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa maki 9 ya gama da shi. Dokar CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ta ce a duba wasannin da ƙasashen uku suka yi tsakaninsu, ba bambancin ƙwallaye ba. A nan muna da 6, su biyun 5-5. 'Yan Afirka ta Kudu sun ɗauka bambancin ƙwallaye ne, suka lallaɓa 0-0 da Saliyo, suka yi ta rawa a fili, sai daga baya labari ya iske su. Bambancinmu ma ƙasa da sifiri yake, mun ci 6 an ci mu 8. Harouna Doula ne mai horarwa, kuma CAF ta ba shi kyautar gwarzon mai horarwa na 2011.

Sai dai kalmar "gida" ta zama abin lura a 'yan shekarun nan. Wasan da aka rubuta Nijar ce mai masauki ba lalle a Yamai aka buga shi ba, saboda akwai lokutan da CAF ba ta amince da filinmu ba. Wasanmu na gida da Burkina a Satumba 2021, 0-2, a Marakesh aka yi. 1-1 da Gana a Satumba 2024 a Berkane ta Maroko ne. 4-0 da muka yi wa Sudan a Nuwamba 2024 a Lome ne. Ni ina rubuta sunan garin, sannan in sa ƙaramin harafi a gefe: G idan Yamai ce, W idan ƙasar abokin karawa ce, T idan filin tsaka-tsaki ne ko da takarda ta ce mu ne masu gida. Babu zafin Yamai, babu ganguna, babu jama'a, ban ga ta inda za a kira shi gida ba.

Bik ja na CHAN ne. Wannan gasa ta 'yan wasan da ke buga ƙwallo a cikin ƙasarsu ce kawai, babu na Turai, babu na ƙasashen Larabawa. Wasu kundaye suna haɗa ta da sauran, wasu suna ware ta, shi ya sa za ka ga adadi biyu mabambanta a wuri biyu kuma babu wanda ya yi ƙarya. Kai rubuta ta a shafin ƙasar, amma da ja, ka tara ta daban. Shafin Najeriya ne zai nuna maka amfanin haka. Idan aboki ya dawo daga Kano yana cika baki, kana iya nuna masa cewa Mena ce ta hana su zuwa CHAN 2011 a Sudan. Shi kuma zai tuna maka 1-4 na CHAN 2016 a Ruwanda. Duka gaskiya ne, duka ja ne, babu wanda ya shafi manyan ƙungiyoyin.

Haka shafin Gana. Da shuɗi: 0-3 a CAN 2013, 1-1 na Berkane, da 2-1 da muka ci su a Akara ranar 18 ga Nuwamba 2024, ƙarƙashin mai horarwa Badou Zaki. Da ja: 2-0 a wasan kusa da na kusa da ƙarshe na CHAN a Aljeriya, farkon 2023. Waccan gasar ma tana da nata tarko, sunanta CHAN 2022 amma a 2023 aka buga ta, don haka ranar wasa za ka rubuta, sunan gasar ya tafi gidansa. Mun ci Kamaru 1-0 a rukuni, Aljeriya ta yi mana 5-0 a kusa da ƙarshe, Madagaska ta ci mu 1-0 a neman na uku. Na huɗu muka zo.

Wasan da ya kai bugun fenariti canjaras ne a lissafi. Mu da Sudan a CHAN 2011 an tashi 1-1, suka wuce da fenariti. Rubuta 1-1, fenaritin ya shiga bayani.

Akwai kuma cin tebur, wanda ba a ci a fili ba. A Yuni 2012 mun tashi 0-0 da Gabon a Yamai a neman gurbin kofin duniya na 2014. Daga baya FIFA ta ba mu 3-0 saboda Gabon ta sa Charly Moussono, wanda bai cancanci buga mata ba. A gidan sakamako ka sa 3-0, don shi ne na hukuma, ka yi masa tauraro, ka rubuta 0-0 a bayani. Gidan masu cin ƙwallo ka bar shi fayau. Wani dattijo a fadarmu har yau cewa yake, "Malam, nuna mini wanda ya zura ukun nan." Yana da gaskiya, amma makin uku sun shiga teburi.

Shafi ɗaya na ƙarshen kaye ka ware wa CAN kanta, kuma ka rubuta shi ba sani ba sabo. 2012 a Gabon: 0-2 da Gabon, 1-2 da Tunisiya, 0-1 da Maroko. Ƙwallon William N'Gounou a ragar Tunisiya ita ce ta farko da muka ci a gasar. 2013 a Afirka ta Kudu, bayan mun fitar da Gini (0-1 a Konakiri, 2-0 a Yamai), da Gernot Rohr a benci da Kassaly Daouda a raga: 0-1 da Mali, Seydou Keita ya ci a ƙarshen wasa, 0-0 da Kwango ta Kinshasa, 0-3 da Gana. Wasa 6, maki 1, mun ci 1, an ci mu 9. Ba ya da daɗin karantawa. Amma mutumin da ya ga ka rubuta wannan da hannunka zai yarda da kai ranar da ka buɗe shafin Muritaniya ka nuna masa 7-1 na 1990, ko na Jibuti da 7-2 na Nuwamba 2021.

Ina za ka samo tsofaffin wasanni? Kundin RSSSF a intanet yana da jerin gasannin neman gurbi tun na da. Shafukan CAF da FIFA sun fi amfani ga na kwanan nan, haka jaridar Le Sahel da Sahel Dimanche. Ƙa'idata ita ce wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Abin da na gani wuri ɗaya, ko na ji a bakin wani tsoho da ya saurara a rediyo, da fensir yake shiga, sai na tabbatar in bi shi da bik. Abin da ake yaɗawa a WhatsApp ko fensir ba ya samu. Wasannin sada zumunci su ne suka fi ba da wahala, domin wani lokaci da kulob aka buga, ko da 'yan ƙasa da shekara 23, kuma waɗannan ba sa shiga.

Tsofaffi kada ka raina su, su ne ke nuna maka inda za ka tona. Wani ne ya ce mini mun taɓa cin Aljeriya, matasan fada suka yi masa dariya, don su abin da suka sani shi ne 1-6 a Bilida da 0-4 a Yamai na Oktoba 2021. Ashe a neman gurbin kofin duniya na 1982 mun fitar da Somaliya, mun fitar da Togo, duka da dokar fifita ƙwallon da aka ci a waje, sannan Aljeriya ta ci mu 4-0 a can, mu muka ci ta 1-0 a Yamai a 1981. Wannan Aljeriyar ce ta je Sifen ta doke Jamus ta Yamma 2-1.

Jimillar kowane shafi, wasa nawa, ci nawa, canjaras nawa, faɗuwa nawa, da fensir za ka yi ta a ƙasan shafin, don za ta canza duk lokacin da aka sake haɗuwa. Ka raba ta gida uku bisa G, W da T. Sabon wasa ka rubuta shi washegari, ba a daren ba, domin ana sauya sunan mai ƙwallo idan ta taɓa ɗan baya kafin ta shiga. Kayen ka sa shi a leda saboda ƙurar hunturu da gara, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya duk ƙarshen shekara. Wanda ya ce ka ara masa, ka ce ya zo shago ya kwafa a gabanka.