Yadda Ƙungiya Za Ta Tara Kuɗin Aikin Taimako

Da farko ku tsayar da aiki guda, misali gyaran rufin ajin da ke yoyo, ku sa kafinta ya faɗi abin da zai ci. Mutane sun fi sakin hannu idan sun san inda kuɗinsu zai tafi.

Sai ku zaɓi ma'aji da sakatare. Kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi, ko da amintacce ne, domin zargi kan rusa ƙungiya. Duk wanda ya bayar, a yanka masa rasit nan take a gabansa, komai ƙanƙantar abin.

Ku sa ranar rufe karɓa.

In aiki ya kammala, ku kira taro, ku karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, sannan ku liƙa takardar a bango.