Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar sakamakon bincike kan abinci, masu juna biyu da ɗakin tsofaffi

Duk binciken da masana suka yi a kan abinci, ko a kan mai ciki, ko a kan zafi da sanyin ɗakin da tsoho ke kwana, a jikin mutum yake ƙarewa, kuma galibi jikin da ba ya iya jure kuskure. Yawancin ɓarnar kuwa ba daga masu binciken take fitowa ba. A hanya take faruwa, tsakanin takardar da suka wallafa da ɗalibin da ya kwafe ta, ko ɗan jaridar da ya taƙaita ta, ko wanda ya tura ta a waya.

Babban kuskure, wanda na fi jin takaicinsa, shi ne a ga abubuwa biyu suna tafiya tare sai a yanke hukunci cewa ɗaya ne ya haifar da ɗayan. An daɗe ana lura cewa masu yawan cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, kuma jininsu na da sinadarin bita-karotin da yawa. Sai aka ɗauka ai sinadarin ne ke ba da kariya. Da aka zo gwadawa a ƙasar Finlan, aka raba maza mashaya sigari kimanin 29,000 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su ƙwayar sinadarin, wasu ba a ba su ba. Sakamakon da ya fito a 1994 ya girgiza kowa: kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen waɗanda suka sha. Ashe mai cin ganye ya bambanta da wanda ba ya ci ta fuskoki da dama, kama daga motsa jiki har zuwa abin hannu da zuwa asibiti a kan kari. Gyaran a nan shi ne, kafin ka karanta sakamako, ka fara duba yadda aka yi aikin. Kallon mutane kawai aka yi, ko kuwa an raba su rukuni-rukuni an gwada? Na farkon yana nuna inda ya kamata a tona, na biyun ne ke da ƙarfin cewa wannan ne ya jawo wancan.

Ka kuma duba yadda aka san abin da mutanen da aka bincika suka ci. Sau da yawa tambayarsu aka yi, alhali an tabbatar mutane kan rage adadin abin da suka ci idan suna ba da labari, ba don ƙarya ba, mantuwa da kunya sun isa.

Sai batun kashi cikin ɗari. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum yana ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin ɗari. Da yawa suka fahimta kamar mutum 18 cikin 100 ne za su kamu. Ba haka ba ne. Idan dama kusan mutum 6 cikin 100 ne za su kamu a tsawon rayuwa, lissafin ya koma kusan 7. Ƙari ne na gaske, amma duk inda ka ga an ce "ya ƙaru da kashi kaza", tambayi: daga nawa zuwa nawa?

A ɓangaren masu ciki, abin da ake yawan zubarwa a hanya shi ne lokaci. Gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 1991 ya nuna folik asid, wani nau'in bitamin, yana rage sake haihuwar jariri mai tsagaggen ƙashin baya da kusan kashi 70 cikin ɗari. Sai dai bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka, wanda rashin rufewarsa ke jawo wannan nakasa, yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ba. Wadda ta fara sha a wata na huɗu za ta amfana ta wajen jini, amma wancan aikin ya riga ya wuce ta; ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka shawarar da ake ba yawancin mata ita ce maikrogiram 400 kullum tun kafin a ɗauki cikin. Kuma kada a ce tunda kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Bitamin A irin na ƙwaya, idan ya yi yawa a farkon ciki, shi kansa yana nakasa ɗan tayi.

Wani abin da ɗalibai ke yi shi ne su tsaya a kan nauyin jariri ranar haihuwa, kamar shi ke nan an gama auna lafiyarsa. Yunwar da ta afka wa Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 ta nuna akasin haka. Waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon ciki an haife su da nauyi daidai, amma da suka manyanta an fi samun ciwon zuciya a cikinsu.

A kan ɗakin tsofaffi, adadin da kowa ke maimaitawa shi ne digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, daga jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018. Abin da ake mantawa, mafi ƙarancin ɗumi ne da aka tsayar wa ƙasashe masu sanyi a lokacin hunturu, kuma jagorar da kanta ta ce masu rauni, irin su tsofaffi da marasa lafiya, na iya buƙatar fiye da haka. Sanyi na matse jijiyoyin jini, hawan jini ya tashi, zuciya ta wahala. Shi kuma zafi, wanda ake yawan rainawa, ya kashe kusan mutum 15,000 a Faransa a watan Agustan 2003, akasarinsu tsofaffi, da yawa a cikin ɗakunansu su kaɗai.

Kuskuren da ya fi kusa da gida shi ne dogara da bakin tsohon. Za ka taɓa hannun dattijuwa ka ji shi sanyi ƙalau, ka tambaye ta, ta ce maka lafiya lau take. Ba ɓoyewa take yi ba. Tsufa na dusashe jin sanyi da jin ƙishirwa, yana kuma rage gumi. Mai bincike da ya tsaya a kan tambaya kaɗai zai kwaso amsar da ba ta dace da jikin ba. Haka wanda ya ɗauko alƙaluman tashar hasashen yanayi ya liƙa wa ɗaki, alhali ɗakin da ke bene na sama kan riƙe zafin rana har tsakar dare. A sa ma'aunin zafi a cikin ɗakin, daidai tsayin gado, nesa da taga da abin ɗumama ɗaki, a riƙa dubawa da tsakar rana da kuma kafin asuba, a kuma miƙa wa tsohon ruwa ba sai ya nema ba.