Empanada irin ta Galisiya da giwan ruwan Yauri

A Galisiya, can arewa maso yammacin Sifaniya, empanada ba 'yar ƙarama ba ce kamar mitfai ɗin da ake sayarwa a tasha. Faranti guda ake gasawa, a yanka gunduwa-gunduwa. Mutanen bakin teku suna cusa mata kifin tuna ko sadin, wasunsu ma da garin masara suke kwaɓawa. A Kebbi abin ya zo gidan sauƙi, ga albasar Aliero, ga giwan ruwa daga Yauri ko Argungu. Ban da tarwaɗa, maiƙonta ya yi yawa. Ƙarfasa kuma ƙaya za ta hana ki sakat.

Albasa ce jigo, Galisiyawa na kiran haɗinta zaragallada. Ki yanka manya guda 4 da tattasai 2, ki zuba a man gyaɗa mililita 200, a wuta kaɗan-kaɗan kamar minti 30. So ake ta yi laushi lugub, ba ta yi ja ba. Da zarar ta soyu ta yi duhu, ɗaci ya shiga. Ki ƙara tumatir 2 da gishiri da cokali guda na garin busasshen tattasai, sannan ki juye a matsami, man ya tsane a kwano.

Kada ki zubar da wannan jan man, da shi ake kwaɓi. Fulawa giram 500, man mililita 120, ruwan ɗumi mililita 200, yis ƙaramin cokali 2, gishiri kaɗan. Ki murza minti 10, ki rufe awa guda.

Kifi giram 400, ki tafasa shi sama-sama, ki ɓare ki cire ƙaya, ki gauraya da albasar bayan ta huce sarai. Haɗi mai zafi yana jiƙa ƙasan kwaɓin, sai ya fito ɗanye.

Ki raba kwaɓin biyu, na ƙasa ya ɗan fi girma. Ki shimfiɗa shi siriri, ki zuba haɗin, ki rufe da ɗayan, ki nannaɗe bakin da yatsa. Ki huda tsakiya kamar faɗin kwabo don tururi ya fita, in ba haka ba ta kumbura ta fashe. Ki shafa ruwan ƙwai, ki gasa a digiri 180 minti 40 zuwa 45. In babu obin, a kai gidan burodi bayan sun kwashe nasu, wutar ta lafa.

Ba a cinta da zafi. Ki bar ta ta sha iska awa guda kafin wuƙa ta taɓa ta.