Kurakuran da masu koyon shirya manhaja ta hanyar kallon bidiyo ke maimaitawa

Na gaji da ganin ƙannena masu koyon C, wani yaren shirya manhaja, a nan Sakkwato suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa.

Mafi muni shi ne sauke kompaila daga adireshin da mai bidiyon YouTube ya ajiye a ƙasa, ko karɓarsa ta Xender don tattalin data. Kompaila shi ke juya rubutunka ya zama manhaja. Idan an zuba masa guba, duk abin da ya haifa zai iya fitowa da ita, ko da rubutunka tsaf yake. Masanin kwamfuta Ken Thompson ya nuna haka tun 1984. A 2015 masu shirya manhaja a ƙasar Sin suka riƙa sauke jabun Xcode, kayan aikin shirya manhaja na kamfanin Apple, saboda na asali yana jinkirin sauka, sai gurɓatattun manhajoji, har da WeChat, suka shiga App Store. Ƙwararru ke nan fa.

Ni kuwa, mai bidiyo ya ce a kashe antibairos kafin a girka, na kashe. Da wannan kompailan na shirya wa kawuna, mai sana'ar fatu, 'yar manhajar lissafi, na kai masa a filashi. Mako bai zagayo ba kwamfutarsa ta rikice, lissafin bashin da yake bin mutane ya salwanta. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ashe ba ka duba ba?" Har yau maganar tana ci mini rai.

Haba samari! Kompailan GCC kyauta ne, Code::Blocks da ake rubuta manhaja a cikinsa shi ma kyauta ne. Me ya kai ku ga na sata? Ni dai yanzu daga shafin masu shi kaɗai nake saukewa, cikin dare lokacin da data ke araha, sannan in gwada lambar SHA-256, wadda ke nuna ko an taɓa fayil ɗin, idan sun wallafa ta. Wanda ya ce in kashe antibairos, nan take nake rufe bidiyonsa.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Bidiyon da ke koyar da gets(), umarnin karɓar rubutu daga mai amfani, ya tsufa, don an cire gets() daga ƙa'idar C tun 2011. Yi amfani da fgets() a madadinsa. Kunna -Wall, wanda ke sa kompaila ya nuna gargaɗi, ka karanta gargaɗin, kada ka tsallake. Umarnin da ba ka fahimta ba, kada ka kwafa ka liƙa, balle da sudo, wanda ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfuta.

Manhajar da wani ya turo mini kuma, a tsohuwar kwamfutar da ba komai a cikinta nake fara gwada ta.