Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Ƙaramar Kufe da Hacbak Mai Ƙarfin Inji

Mutumin da yake son mota mai daɗin tuƙi, amma aljihunsa bai kai ga manyan motocin tsere ba, yawanci a tsakanin nau'i biyu yake tsayawa yana wasiwasi. Na farko shi ne kufe, wato ƙaramar mota mai ƙofa biyu wadda rufinta ya yi ƙasa ya zube zuwa baya, irin su Toyota GR86 da tagwaiyarta Subaru BRZ da kuma BMW 2 Series mai ƙofa biyu. Na biyu shi ne hacbak mai ƙarfin inji, wato motar iyali ta yau da kullum wadda murfin but ɗinta yake ɗagawa tare da gilashin baya, amma kamfani ya ƙara mata ƙarfi, ya girmama birkinta, ya taurara ƙafafunta, irin su Volkswagen Golf GTI da Honda Civic Type R da Hyundai i30 N da Toyota GR Corolla. Masu saye da yawa sukan fara da kwatanta yawan doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, kuma a ganina nan ne ake yin kuskure, domin abin da ya raba nau'o'in nan biyu ya fi ƙarfin lissafin doki nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: tabbatar ko ita kaɗai ce motarka

Wannan tambaya ita ce uwa, kuma amsarta takan yanke rabin hukunci tun kafin a je ko'ina. Ka duba yadda makonka yake tafiya a zahiri, ba yadda kake fatan ya tafi ba: mutum nawa kake ɗauka, sau nawa wani yake zama a baya, wane irin kaya kake sakawa, kuma akwai wata mota a gida da za ta ɗauki waɗannan ɗawainiyoyi ko babu.

Kujerun baya na ƙaramar kufe sun fi kusa da wurin ajiye jaka fiye da wurin zaman babban mutum. Hanyar tabbatar da haka mai sauƙi ce. Ka daidaita kujerar direba yadda kake zama in za ka yi tuƙi, sannan ka fito ka yi ƙoƙarin shiga bayanta. A mota irin GR86 za ka tarar gwiwarka ta tokare da bayan kujera tun kafin ka gama zama, ƙafarka ba ta samu wurin shiga ƙarƙashi ba, kanka kuma yana gogar gilashin baya. Mai ƙaramin yaro ya tafi da kujerar jaririnsa ya gwada ɗaurawa, domin sunkuyawa ta ƙofar gaba da yaro a hannu safe da yamma aiki ne da ke isar mutum cikin ɗan lokaci. A lura kuma cewa ƙofofin kufe dogaye ne, saboda haka idan aka faka a matsattsen wuri tsakanin motoci biyu, ƙofar ba za ta buɗe sosai ba, ga shi kuma kujerar tana ƙasa, sai mutum ya yi dabara kafin ya fito.

Batun kaya ma haka yake. But ɗin Golf GTI samfuri na takwas yana ɗaukar lita 374, na GR86 kuwa lita 226 ne a ma'aunin Turai. Amma faɗin bakin but ya fi yawan lita muhimmanci, domin hacbak takan buɗe tun daga rufi har ƙasa, a kwantar da kujeru a zura keke ko babban akwati, alhali bakin but na kufe ƙarami ne ko da cikinsa yana da zurfi. Gaskiya ne cewa an tsara GR86 yadda za ta ɗauki tayoyi huɗu idan an kwantar da kujerar baya, sai dai an yi hakan ne saboda masu zuwa filin tsere, ba saboda masu iyali ba. Kada kuma a ɗauka kowace hacbak mutum biyar take ɗauka, domin Civic Type R ta yanzu kujeru huɗu ne kawai gare ta.

Mataki na biyu: gane tayoyin da suke jan motar

A nan ne ainihin bambancin yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Yawancin hacbak masu jan gaba ne: inji yana gaba, tayoyin gaba su ne suke jan motar, su ne kuma suke karya kwana. Idan direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, hancin motar yakan ƙi bin sitiyari ya nemi zarcewa waje, kuma abin da hankali yake ba mutum a lokacin, wato ɗaga ƙafa daga totur a hankali, shi ne maganin matsalar. Wannan ne ya sa mai jan gaba take yafe wa direba kurakurai da dama. Lahaninta shi ne, idan injin yana da ƙarfi sosai aka taka totur da ƙarfi a giya ta ɗaya ko ta biyu, sitiyarin yakan fizgi hannu zuwa gefe, tayoyin gaba kuma su yi ta kartar ƙasa, musamman idan titi ya jiƙe. Kamfanoni suna rage wannan ta hanyar sanya na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayar dama da ta hagu, don haka ya kamata ka tambaya ko motar da kake dubawa tana da ita.

Kufe irin GR86 da BRZ masu jan baya ne. An raba wa tayoyin aiki, na gaba su juya, na baya su tura, shi ya sa sitiyarinsu yake sanar da hannu halin da titi yake ciki ba tare da ƙarfin inji ya shiga tsakani ba. Direba yana zaune ƙasa sosai, kusa da tsakiyar motar, injin kuma irin mai kwantattun silinda ne wanda nauyinsa yake ƙasa, saboda haka motar ba ta cika karkata a kwana ba. Wannan jin daɗin shi ne dalilin da ya sa ake sayen kufe, kuma babu hacbak mai jan gaba da za ta ba da irinsa komai tsadarta. Sai dai yana da sharaɗi. Idan aka taka totur fiye da kima a tsakiyar kwana, bayan motar ne yake zamewa, kuma gyara wannan yana buƙatar hannu mai sani. Na'urar daidaita mota ta lantarki tana kama yawancin irin wannan zamewa, shi ya sa bai kamata a kashe ta a kan titin jama'a ba ko kaɗan.

Akwai rukuni na uku, masu jan ƙafa huɗu, irin Golf R da GR Corolla. Su ne suka fi riƙe ƙasa a ruwan sama ko ƙanƙara, amma sun fi nauyi, sun fi shan mai, kuma kayan da za su iya lalacewa a jikinsu sun fi yawa. Sannan siffar bodi ba ta nuna tsarin da ke ƙarƙashi: Audi TT, wadda aka daina ƙerawa a 2023, kufe ce a ido, amma an gina ta ne a kan ginshiƙi ɗaya da Golf, kuma mai jan gaba ce ko ƙafa huɗu. Wanda yake neman jan baya ya tambaya, kada ya dogara da gani.

Mataki na uku: duba halin injin, ba yawan dokinsa kaɗai ba

Golf GTI ta farko, wadda ta fito kasuwa a 1976, doki 110 ne kawai gare ta, amma nauyinta bai wuce kilo 810 ba, kuma da wannan ta yi sunan da har yau ake ambato. Nauyi da yadda ƙarfi yake fitowa su ne suke tabbatar da abin da direba zai ji.

GTI samfuri na takwas ta fito da inji mai lita 2.0 da turbo, doki 245, da ƙarfin murɗawa na Nm 370 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin da inji yake murɗa tayoyi da shi) wanda yake samuwa tun daga juyi 1,600 a minti ɗaya. Ma'anar wannan a kan titi ita ce, ko a giya ta huɗu kake, da zarar ka ɗan taka totur motar za ta yunƙura ta wuce babbar mota ba tare da ka sauya giya ba. GR86 kuwa injinta lita 2.4 ne marar turbo, dokinta kusan 230, ƙarfin murɗawarta Nm 250 wanda ba ya cika sai a juyi 3,700, nauyinta kuma bai kai kilo 1,300 ba. Kafin ta nuna abin da ta iya, sai ka sauko da giya, ka bar injin ya yi kuka har allura ta haura juyi 6,000. Wani direban wannan aikin shi ne abin da yake nema, wani kuma gajiya zai ɗauke shi. Ka gaya wa kanka gaskiya game da rukunin da kake ciki, domin wanda yake shafe yawancin lokacinsa a cunkoson gari zai fi amfana da ƙarfin da ke zuwa da wuri.

Giya ma tana iya rufe maka ƙofa. Civic Type R da giyar hannu kawai ake yin ta, GTI da aka sabunta a 2024 kuma otomatik ce kawai, GR86 tana da duka biyun.

Mataki na huɗu: auna motar da hanyoyin da kake bi

Tsakanin cikin GR86 da ƙasa milimita 130 ne, kuma hacbak masu ƙarfi ma ba su fi haka da yawa ba, saboda an rage musu tsayi. Dukansu suna da tauraran ƙafafu da tayoyi masu siririn gefe, waɗanda rami ɗaya zai iya fasawa har ya lanƙwasa rim. Idan hanyarka ta kullum tana da ramuka ko tuddan rage gudu masu tsayi, ka nemi mai ƙaramin rim da taya mai kauri, ka kuma fifita wadda za a iya sassauta shokozobarta da maɓalli, abin da aka fi samu a hacbak.

Mataki na biyar: lissafa kuɗin riƙo

Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, na riƙo kuwa kullum ne. Yawancin waɗannan injina suna son fetur mai inganci sosai, kuma mai turbo ba ya haƙuri da jinkirin sauya baƙin mai. Hacbak mai jan gaba tana cinye tayoyin gaba da sauri, kufe kuma na baya. Ka tambayi kamfanin inshora kuɗin kowace ɗaya kafin ka yi ciniki, domin bambancin yakan ba da mamaki, musamman ga matashin direba. Wani abin da hacbak ta fi shi ne cewa tana tarayya da motar iyali ta gidansu a kayayyaki da dama kamar gilashi da ƙofofi da kayan ciki, don haka samunsu ya fi sauƙi, alhali kufe da aka ƙera kaɗan takan sa a jira kaya.

Idan ta hannu za ka saya, sai ka ninka taka-tsantsan, domin irin waɗannan motoci ba a cika tuƙa su da lallashi ba. Ka nemi takardun sabis, ka tambaya ko an taɓa kwamfutar injin don ƙara ƙarfi, ka duba ko an sauya salansa ko an rage tsayin ƙafafu. Faifan birki da ya yi shuɗi-shuɗi alamar zafi ne mai tsanani, tayar da gefenta na waje ya narke ya yi ƙuraje kuma tana nuna motar ta sha filin tsere.

Mataki na shida: gwada su a rana ɗaya, a hanya ɗaya

Gani ya kori ji. Ka tuƙa su ɗaya bayan ɗaya, kada ka bari kwanaki su shiga tsakani, kuma hanyar ta haɗa da cunkoso da babban titi da kwana-kwana da wuri mai gargada. Ka kashe rediyo ka saurari ƙarar taya a gudun tafiya mai nisa, domin kufe marar nauyi ba ta da abin tare ƙara sosai, kuma abin da ya yi daɗi a minti goma zai iya zama ciwon kai a awa uku. Ka yi ribas ka faka, ka waiwaya ta kafaɗa ka ga iyakar abin da ginshiƙin baya yake ɓoyewa. Ka lura da nauyin kuloci a tafiyar tsaya-tafi. Wanda zai riƙa zama a gefenka kullum ya kamata a je da shi, a kuma saurari ra'ayinsa.

Mataki na bakwai: yanke hukunci

Idan motar ita kaɗai ce gare ka, kuma kana ɗaukar fiye da mutum ɗaya ko da sau biyu ne a mako, shawarata ita ce ka sayi hacbak, domin za ta ba ka mafi yawan daɗin tuƙin da kake nema ba tare da ta takura wa rayuwarka ba. Idan akwai wata mota a gida, ko kai kaɗai kake tafiya, kuma a gwajin da ka yi abin da ya fi tsaya maka a rai shi ne yadda sitiyari da bayan motar suke amsa hannunka a kwana, to kufe ce taka, kuma ba na ganin hacbak za ta gamsar da kai bayan haka. Wanda ya zaɓi mai jan baya alhali bai saba da ita ba, ya ware kuɗin horo a rufaffen fili tare da ƙwararren mai koyarwa a cikin kasafinsa. Kowace ka zaɓa, kada ka biya kuɗi sai makanikin da ka yarda da shi, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ɗaga motar ya duba ƙarƙashinta, ya kuma jona kwamfuta ya karanta abin da injin ya ajiye.