Yadda za ka yi reglaji na IR don gitar da bas su zauna a sono

Masu kiɗan biki a nan Yamai da yawa sun daina jan ampili mai nauyi, pedal kawai ake sa wa a jaka a jona da sono. To sai dai in babu IR mai kyau sautin sai ya fito kamar zuma ta shiga gwangwani. IR ɗin ɗan fayil ne na WAV da aka ɗauko sautin bafil da mikoro a ciki, shi ke sa pedal ta yi kamar akwai bafil na gaske.

Da farko duba ko pedal ɗinka fayil mai 44.1 take so ko mai 48 kHz, ka zuba mata wanda ya dace. Kuma dan Allah in bafil na gitar za ka jona kai tsaye, kashe IR ɗin, in ba haka ba bafil biyu kenan kan juna, sauti ya toshe.

Wajen zaɓe kar ka tara fayil ɗari kana ta juyawa har kunne ya gaji, ɗauki biyu ko uku. Mai kiɗa irin na Agadas da ke son gitar ta fito tas ya nemi IR na bafil 1x12 ko 2x12 (sipika ɗaya ko biyu masu inci 12) irin na Fender, mai distosiyon kuma 4x12 mai sipikun Celestion Vintage 30. Wanda aka ɗauka da mikoro Shure SM57 a tsakiyar sipika kaifi gare shi, na gefe ya fi taushi, ni dai na gefen na fi so don sono ɗinmu dama tsini ya yi musu yawa.

Inda aikin yake shi ne yanka, wato cire sautin can ƙasa da na can sama. Igiyar gitar mafi kauri wajen 82 Hz take, saboda haka yanke abin da ke ƙasa da wajen 80 zuwa 100 Hz, abin da ke can gurnani ne kawai yana cin wurin bas da ƙwarya. Sama kuma fara daga 8 kHz kana saukowa a hankali har tsitsitsin nan ya ɓace, yawanci tsakanin 5 da 7 za ka tsaya, in ka ji gitar ta shige bargo ka wuce wuri, ɗan koma baya.

Bas daban ne, mai igiya huɗu tana sauka har 41 Hz, mai biyar 31, kar ka yanke ta irin na gitar. Sa IR na Ampeg 8x10 amma ka gauraya shi da sautin DI, wato na bas ɗin kai tsaye ba tare da IR ba, rabi da rabi don ƙasan ya tsaya da ƙarfi. In ka haɗa ka ji ta rame, faz ne, wato sautukan biyu suna kashe juna, juya faz ɗin ɗayansu.

Reglajin da ka yi da kaske a ɗaki da dare kar ka yarda da shi. Kai pedal ɗin repetisiyon, a ɗaga sono yadda za a ɗaga ranar biki, mai ganga na bugawa, ka tsaya nesa wani ya kaɗa maka, a nan za ka gyara sannan ka adana.