Yadda za ka bi sawun tarihin jirgin ƙasa daga nan Yamai

Ɗiyata aka ba aikin bincike a jami'a kan layin dogon Kwatano, ta zo mini da fuska a murtuke, wai sunaye sun rikita ta. Na ce, "Ɗauko kayenki ki zauna." Na daɗe ina aikin takardun tiransi tsakanin Faraku ta ƙasar Benin da Yamai, abin da na nuna mata shi zan nuna maka.

Fara da tambarin da ke kan tsoffin takardu. A akwatin mahaifina akwai takardun dakon kaya da suka yi ja don tsufa, tambarinsu OCDN, hukumar haɗin gwiwar Dahomai da Nijar da aka kafa a 1959. Waɗanda na riƙe da hannuna kuwa OCBN ne. Hukuma ɗaya ce, Dahomai ce ta koma Benin a 1975 aka sake harafi guda. A 2015 sai ga Bénirail, da kamfanin Bolloré a ciki. Raba shafi biyu, shekara a hagu, suna a dama, kada ka rubuta ko jimla ɗaya kafin wannan ya cika.

Sannan ka tambayi kanka, mene ne aka haɗa? A Najeriya layi biyu ne kowanne da hukumarsa: na Ikko da ya kai Badun a 1901, da na Baro da ya iso Kano a 1911. A 1912 aka gama su wuri ɗaya, shekara biyu kafin a haɗa Arewa da Kudu. Namu ba haka yake ba. Ƙasa biyu ne suka yi tarayya kan layi ɗaya mai kilomita 438, Kwatano zuwa Faraku, wanda ko taku ɗaya bai shigo Nijar ba. A da, a Faraku ake sauke kaya, kamiyo ya ɗauka ya ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya, ya bi ta Doso. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe.

In kana son sanin dalilin shimfiɗa kowane reshe, bi kayan da ya ɗauka. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba, ga kuma reshen Ƙaurar Namoda tun 1929 da na Nguru tun 1930. Faransa ba ta so kuɗin dako ya tafi aljihun Ingila, shi ya sa a shekarun 1950 ta shirya abin da aka kira Opération Hirondelle don karkatar da gyaɗar zuwa Faraku. Daga baya yuraniyom ɗin Arlit ya bi wannan hanya.

Wata safiya ɗauki mitar tela ka fita hanyar Doso, inda layin da aka fara a 2014 aka kuma buɗe a Janairun 2016 yake kwance, kilomita wajen 140, ciyawa da awaki sun mai da shi nasu. Auna daga cikin ƙarfe zuwa cikin ɗan'uwansa. Ni farko daga waje na auna, na dinga musu da yarinya a banza. Mita ɗaya cif za ka samu, irin na Benin. Tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, sabon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi kuma 1,435. Tarago ɗaya ba ya hawa duka ukun, komai yawan sa hannu a takarda.

Tsoffin direbobin Faraku suna nan a tashoshin manyan motoci. Je da goro, ka gaisa sosai kafin ka ciro biro. Kada ka ce, "Baba, wace shekara ce?" Zai faɗa maka kowace lamba don ka rabu da shi. Ce masa, "Zamanin Jori ne ko na Kunce?" In ya ce Jori, kafin 1974 ke nan. In ya ce Kunce, tsakanin 1974 da 1987, sai ka koma shafinka ka duba tambarin da ya dace.